Baturiyar Falo da Tsagar Inna

Tun kafin in yi wayo Baturiyar nan take rataye a falonmu na unguwar Malali a Kaduna, a saman rediyo, daidai inda idon baƙo zai fara sauka idan ya yi sallama ya shigo. Ba hoton kyamara ba ne, zanen hannu ne, irin wanda kamfanonin Turai kan buga a kalanda a zamanin da su raba wa ofisoshi. Baba ya gaje ta daga wani injiniya Bature da ya yi aiki a ƙarƙashinsa a ma'aikatar ayyuka. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya kwashe duk abin da ke da amfani, ya bar wa Baba kalandar da shekararta ta wuce. Baba ya yanke watannin, ya kai wa mai gilashi a Babbar Kasuwa aka sa ta a firam. Mu yara muka riƙa ce mata Madam.

Tana zaune ne a kan wata doguwar kujera marar majingina, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, da jar riga mai ɗigo-ɗigon fari, gashi ruwan zuma a nannaɗe, kan tarho a kunne, baki a ɗan buɗe kamar an gaya mata abin mamaki. Tun ina rarrafe take jin labarin nan a tarho, har na yi furfura bai ƙare ba, bakin kuma bai rufu ba. Ƙugunta na zanzaro ne, har nakan tambayi kaina ina tuwo yake zama a cikinta. Takalminta ɗaya yana shirin zamewa daga ƙafa, amma wannan sai daga baya na gani, ranar da aka buɗe firam ɗin, domin Baba, da yake mutum ne mai kula da addini, ya sa mai gilashin ya liƙa farin kwali daga gwiwa zuwa ƙasa. Ƙirjin ya bar shi, wai ai akwai riga. Idan malamin da ke yi mana karatun Alƙur'ani zai shigo falo, sai Baba ya juya fuskarta bango, malam na fita ya juyo da ita. A lissafin Baba, mala'ikun rahama tare da malam suke shigowa, tare da shi kuma suke fita.

Na tsani matar nan tun ban san sunan abin da nake ji ba. Ba ta taɓa hura wuta ba, ba ta taɓa goya ɗa mai zazzaɓi ba, ba ta san layin famfo ba, amma ita ce a wuri mafi daraja a gidan, kuma duk Asabar mahaifiyarmu ce ke hawa kujera ta goge mata ƙura.

Inna Bagobira ce, daga wani ƙauye a yankin Sabon Birni. Doguwa, baƙa, mai faɗin kafaɗa, da tsagar Gobirawa a kumatu biyu, wadda ta taso daga gefen baki ta bazu zuwa kunne. Kunci ɗaya ya fi ɗaya da layi guda, haka wanzamansu ke yi. Ina ƙarama, in tana yi mini kitso na gaji, nakan juyo in kwanta a cinyarta in riƙa bin layukan da yatsa ina ƙirgawa, ita kuma ta riƙa kumbura kumatu don ta rikita ni. Idan ta yi dariya tsagar nan gaba ɗaya takan ɗaga sama. A wurina fuskar uwa ke nan, har na ɗan jima ina tausayin yaran maƙwabta da iyayensu mata ke yawo da kumatu ba komai.

Kada a ɗauka tilasta wa Baba aka yi ya aure ta. Yana ƙaramin akawu aka tura shi can ƙasar su Inna, ya ganta, ya yi ta sintiri har aka ba shi. Sai da suka dawo Kaduna, ya fara ɗaura lakataye, ya fara shan shayi da ƙarfe huɗu, sannan ya lura matarsa tana da tsaga.

Baba bai taɓa zagin Inna ba, wannan zan shaide shi ko a ina. Nasa salon daban ne. Sai ya kishingiɗa bayan cin abinci, ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ce wa iska Turawa dai sun iya zama. Ko ya ce mace ai ita da tsari. Ya taɓa sayo mata jan baki da wata hoda daga babban kanti. Ta shafa hodar don ta faranta masa, ta taru a cikin tsagar ta yi fari fat, shi da kansa ya ce ta je ta wanke. Ya taɓa tambayar wata nas, matar abokinsa, a gaban Inna, ko likitoci sun samo maganin da ke shafe irin wannan abu. Liyafar ƙarshen shekara ta ofis kuwa, wadda kowa ke zuwa da iyalinsa, kullum sai a ce Inna ba ta jin daɗi. Ni dai a ranakun nan lafiyarta lau nake ganinta, tana tankaɗe.

Sau ɗaya ya kai mu gidan hoto, wata ƙaramar Sallah, ina aji biyu ko uku na firamare. Aka jera mu gaban labule mai zanen bene da furanni. Mai hoto ya leƙa ya leƙo, sai Baba ya matsa kusa da shi ya yi masa raɗa, raɗar da kowa ya ji. Mai hoton ya dawo ya ce Hajiya ta ɗan jawo mayafi gaba, ta ƙara, ta ƙara kaɗan, ta kuma sunkuyar da kai. Inna ta jawo, ta ƙara jawowa, sannan ta miƙe tsaye, ta sauke ƙanena daga cinyarta ta ɗora a ta Baba, ta fita ta jira mu a bakin titi. Hoton yana nan har yau: Baba, mu huɗu, da kujera ba kowa. Daga ranar ta daina yarda ta tsaya gaban kyamara. Na katin zaɓe da aka ɗauke ta dole, wani baƙin dunƙule ne da ko ita ba ta gane kanta a ciki.

Haka muka girma. Baba ya yi ritaya, rediyo ya zama talabijin, aka sake fentin falo ba sau ɗaya ba, Madam tana nan tana sauraron tarho. Jan rigarta ya koɗe, na fara sa rai wata rana ƙusa za ta gaji ta sake ta.

Sai ga bikin 'yar Yaya, babban wanmu, shekarun baya kaɗan. Ita ce jikar fari a gidan, kuma sunan Inna ta ci. Yarinya ce mai kirki, ba ni da abin cewa a kanta, sai dai irin 'yan zamanin nan ce da ba sa cin abinci sai wayarsu ta fara gani. Wata rana ta shigo gaishe da kakanninta, ta tsaya gaban Madam kamar yau ta fara ganinta, ta dafe ƙirji ta ce mini wai wannan shi ake yayi yanzu, tsohon salo ne ya dawo. Ta ɗauke ta a waya, ta kai wa tela, ta kai wa mai kwalliya. Hotunan kafin aure suka fito, ga 'yarmu cikin jar riga mai ɗigon fari, an dai tsawaita ta har ƙasa an ɗora ɗankwali, baki ja wur a ɗan buɗe, riƙe da kan wani mataccen tarho da aka aro ban san daga ina ba. Baba ya kusa tashi sama don murna. Ya yi ta gaya wa duk wanda ya zo cewa shi tun tuni ya san abu mai kyau, mutane ne ba su gane ba.

A bikin Kaduna, kowa ya sani, ba a sallamar mata hannu rabbana. Akwai bokiti, akwai mafici, akwai kofi mai hoton amarya, akwai kalanda. Bokiti yakan fashe, mafici ya karye, amma kalanda sai ta shekara biyar a bangon mutane, ba don watannin ba, don hoton. Yaya ya ce tasu za ta bambanta da ta kowa: ango da amarya a sama, a ƙasa kuma kakannin amarya, Baba da Inna.

Na ce masa ya san Inna ba za ta yarda ba. Ita ma da farko ta ce a kai kasuwa. Amma takwararta ta zo ta zauna a ƙasa ta riƙe mata ƙafa, ta ce tana so 'ya'yan da za ta haifa su san fuskar wadda ta ci sunanta. Wannan maganar ce ta karya Inna. Ta ce to, sau guda.

Ban taɓa ganin ta shirya wa wani abu kamar yadda ta shirya wa hoton nan ba. Ta sa aka yi mata lalle irin na da, na dungulmi, ba zanen fulawa ba. Ta buɗe ƙasan akwati ta ciro wani saƙi baƙi da uwarta ta bar mata. Ta zauna da tandun kwallinta gaban ɗan madubi ta rambaɗa. Mai kwalliyar amarya ta matso da jakarta, Inna ta dube ta sau ɗaya, ta koma da baya. A tsakar gida aka ɗauka, gindin mangwaro, da hantsi. Mayafin nan ta tura shi baya har goshinta ya fito, ta dubi kyamara ido cikin ido. Wata jika ta yi wani shirme a gefe, Inna ta yi dariya, tsagar ta ɗaga, mai hoto ya danna. Ya juyo mini da bayan kyamarar na gani. Uwata ce sak, yadda na san ta tun ina kwanciya a cinyarta. Na ce a tura mini a waya yanzu-yanzu. Yaya ya ce in bari a gama hidima, duk za a haɗa a ba kowa.

Kalandun ba su iso daga maɗaba'a ba sai ranar wuni, bayan la'asar, mata sun fara neman takalma. Aka kwance ɗauri aka hau rabo a bakin ƙofa, ba wanda ya tsaya dubawa. Ina cikin ɗaki wajen baƙin Gobir, sai ƙanwar Inna, wadda ta zo tun daga ƙauye, mai tsaga irin tata, ta warware tata kalandar. Ta gane amarya, ta gane Baba. Sai ta ɗora yatsa a kan matar da ke gefensa ta tambaye ni ko kakar ango ce.

Na karɓa na duba. Saƙin na Inna ne, lallen nata ne. Fuskar kuwa ta wata ce da ban taɓa gani ba, ko kuma in ce wadda na fi kowa sani. An wanke ta ta koma fara tas, an rage hanci, an zana gira siririya, an shafa jan baki, an ɗan ɗora ja-ja a kumatu. Kumatun sumul, ko layi ɗaya ba a bari ba. Ashe amarya ta tura wa mai maɗaba'a hoton Madam ta ce duk kalandar a yi ta a wannan salo, shi kuma ya bi kowace mace a takardar ya yi mata. Baba kaɗai aka bari da fuskarsa, har da furfurar da ke cikin kunnensa.

Inna tana zaune a bakin gado. Ta miƙo hannu, ba yadda zan yi, na ba ta. Ta nisanta takardar daga idonta, ta matso da ita, ta daɗe tana kallo.

"Wagga ta yi kyau," in ji ta. "Ɗiyar wa ce?"

Ta naɗe kalandar a hankali ta ajiye a bayanta, ta ci gaba da sallamar baƙi.

Washegari na tafi maɗaba'ar, wani ɗan shago a bayan Babbar Kasuwa, da niyyar in karɓi na asali in sa a sake bugawa ko guda goma ne. Mai shagon, wani magidanci da ƙaton agogo, ya yi mamakin ɓacin raina. Ya ce shi a ganinsa alheri ya yi, don aikin kumatun nan kaɗai ya ci masa rabin yini. Ya ce shekararsa nawa a sana'ar nan, bai taɓa ganin wadda ta zo ta ce a bar mata fuskarta yadda take ba. Na asalin kuwa a kansa ya yi aikin, bai ajiye wani ba, don me za a yi da shi? Na nemi mai hoto, ya ce tuni ya share katinsa, yana da wani bikin a Hayin Banki. Yaya ya ce in daina tayar da hankalin mutane a kan takarda. Ɗaruruwan kalandu kuma sun riga sun shiga gari.

Baba fa? Baba ya kai tasa wurin mai gilashi. Ya sa aka yanke ango da amarya da watanni, aka bar shi da sabuwar fuskar, aka sa a firam, ya kafa ƙusa a gefen Madam. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana duban wannan yana duban waccan. Na rantse ban taɓa ganin ya kalli Inna ta gaske da irin wannan ido ba. Kunya ta kama ni a madadinsa, tsoho ɗan shekara tamanin yana washe baki gaban aikin kwamfuta.

Ranar Asabar Inna ta hau kujera yin shara kamar kullum. Ta goge Madam. Sannan ta ciro tandu daga ƙugunta, ta tsoma tsinken kwalli, ta zana tsagarta a kan gilashin sabon hoton, layi bayan layi, kowane kunci da adadinsa. Layukan suka ɗan karkace, amma da ka shigo falon za ka ce ga Inna can. Na yi dariya har da hawaye. Da yamma Baba ya dawo daga masallaci, ya gani, ya yi tsaki ya ce yaran nan ba sa jin magana, ya sa hannun rigarsa ya goge. Asabar ta gaba ta sake zanawa, ya sake gogewa. Ba jika ko ɗaya a gidan da tsawonsa ya kai wurin, kuma ya sani.

Ban saba mayar wa Baba magana ba, ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Amma ran nan na durƙusa na ce masa, Baba, ita ce fa take zanawa, a bar mata mana.

"To ni me na yi?" ya ce. "An gyara mata, ta yi kyau, kowa ya yaba. Mutum a yi masa gata ya ce bai so?"

Inna tana ƙofar kicin, ta ji. Daga ranar ba ta sake zanawa ba, ba ta kuma sake hawa kujerar ba. Ƙura ta fara taruwa a kan su biyun.

Na bi ta ɗaki da wayata na roƙe ta. Na ce ni kaɗai zan riƙe, ba mai gani, ba mai taɓawa. Na ce ko daga gefe ne, ko tana salla, ko tana barci. Ta dafa hannuna ta sauke wayar ƙasa.

"A'a, ɗiyata. Sau guda na ce, kuma an yi. An gwada min wadda anka so. Ke dai kin san ni, ya isa."

Na so in saci hoton ba da saninta ba, sau da yawa wayar tana hannuna tana gyangyaɗi a tabarma. Ban iya ba. An yi mata abin da ba ta so da fuskarta ya isa haka.

Da damina ta gaba ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Mata suka cika gidan, da yawansu kalandar tana bangon ɗakinsu. Wata maƙwabciya da ta tare a unguwar kwanan nan, ba ta taɓa ganin Inna ba, ta shigo yi mana gaisuwa ta dubi firam ta ce Allah sarki, ashe marigayiya fara ce kyakkyawa. Wasu jikokin ƙanana sun riga sun fara nuna hoton suna cewa ga Kaka. Nan da shekara goma ita ce za ta zama Kaka, ba mai gardama. Duk gidan da na shiga a Malali na tarar da matar kalandar nan a bango, sai in zauna in ba ta baya.

Bayan an yi arba'in na zo kawo wa Baba abincin rana. Na yi sallama bai amsa ba. Na same shi a falo ya sauko da firam ɗin ya ɗora a cinya, tabarau a karan hanci, tandun Inna a buɗe a kan tebur. Madam tana can sama ita kaɗai da tarhonta. Ya riga ya ja layuka uku ko huɗu a kunci ɗaya, a tsaye, irin na wata ƙabila daban, ya goge da yatsa, ya sake, gilashin duk ya yi baƙi. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Zo nan," ya ce. "Daga baki suke tasowa ko daga kunne? Kuma wane ɓangare ne ya fi yawa, dama ko hagu?"

Fiye da shekara hamsin Inna tana durƙusawa a gabansa ta ajiye masa abinci, fuskarta ba ta fi kamu biyu daga tasa ba. Ni kuwa ko yanzu na rufe ido yatsana ya san hanyar kowane layi, ya san inda na ƙarshe ya ɗan gajarta kusa da kunne. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba, amma tausayin bai kai ya buɗe mini baki ba.

Na ce, "Na manta, Baba."

Na ajiye masa kwanon, na rufe tandun na sa a jakata, na fita.